Hular Kaka Honora

Shafi na 23

Masu cewa na yi shiru kwana uku, na ji ku. Beverley, saƙonki bakwai na gani, ban mutu ba. Kunya ce ta riƙe min hannu, in kun karanta za ku gane.

Wanda ya shigo yau kada ya ce in koma masa shafi na ɗaya. Ni ce Glenys Tierney, shekarata sittin da uku, goma sha huɗu daga ciki na ƙarar da su ina bin sawun Kaka Honora a tsofaffin takardu. Mayafi ta sata a Ireland lokacin yunwa, aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa nan Tasmania a 1850. 'Ya'yanta biyu, Patrick da Bridget. Ni ta wajen Patrick na fito, Raelene, 'yar uwata ta nesa, ta wajen Bridget. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta jikokin fursunoni mata za ta taru a katangar tsohon gidan yari, a kira sunan kowace mata sau ɗaya, jikanta ya fito da farar hular da ya ɗinka mata ya rataya. Jika ɗaya tak ake bari. Na nema, Raelene ma ta nema.

To, mu je ranar Talata.

Wajen ƙarfe uku na rana ina teburin kicin, ina ɗinka harafin ƙarshe na sunan Honora a goshin hular da koren zare. Col, mijina, yana tsaye a taga da kofin shayi.

"Ga mutuniyarki nan," in ji shi.

"Wace?"

"Mai farar mota."

Allura ta soke ni a yatsa. Na ɗago, sai na ga mutumin nan ya ajiye kofi yana shafa kansa.

"Gashin nan naka guda tara ne, Col. Ko ka shafa ba za su ƙaru ba."

"Ni me na yi kuma?"

"Ka fi ni sani."

Sau biyu ya kai Raelene rawa a zauren gari kafin ya san ina duniya. Shekara arba'in da biyu ke nan, shi ya ce ya manta, ni ban manta ba. Ya ɗauki hularsa ya ce injin yankan ciyawa na jiran sa, ya sulale ta ƙofar baya zuwa ɗakin tarkacensa.

Raelene ba ta jira an ce ta shigo ba. Turarenta ya riga ta isowa kicin, ita kuma tana biye da kek a faranti.

"Sannu da aiki, 'yar uwa."

"Yauwa."

"Na ce bari in kawo miki ɗan abin shan shayi."

"Likita ya hana ni zaƙi."

"Tun yaushe? Ranar Lahadi a coci na gan ki da yanka biyu."

"To, tun Litinin."

Ta yi dariya ta ja kujera. Kek ɗin ya tashi sosai, ba zan yi ƙarya ba. Shekara takwas ina cin na ɗaya a gasar kek ta bikin amfanin gona, matar nan ta dawo daga Melbourne bara, ta shiga sau ɗaya, aka ba ni na biyu.

Amma ba kek ne ya ƙona min rai ba. Kwabon ne.

Yana rataye a wuyanta da siririyar sarƙa. Tsohon kwabo ne da aka goge fuskarsa ta yi sumul, aka zana tsuntsu da H da T da 1850, irin wanda fursunoni ke yi kafin jirgi ya tashi. A cikin gwangwanin biskit na uwarta ta tsince shi bayan rasuwarta. Tsinta fa! Ni na yi shekara goma sha huɗu ina tuƙa mota zuwa Hobart, babban birninmu, ina zama a ma'ajiyar tsofaffin takardu har idona ya lalace na koma tabarau mai kauri. Na san tsawon Honora, na san tabon da ke haɓarta, na san ba ta da haƙori ɗaya a sama. Amma ban taɓa riƙe abin da hannunta ya taɓa ba, ko maɓalli. Ita kuwa ta buɗe gwangwani tana neman biskit, ta sami kakata.

Kuma jarida ta zo ta ɗauke ta hoto da shi, aka rubuta "Jikar Honora" a ƙasa. Sunana ko a ƙarshen shafi babu.

"Hular ta yi kyau," ta ce, ta miƙo hannu.

Na janye ta. "Hannunki da maiƙo."

"Glen."

"Me ya kawo ki?"

"Magana."

"In ta Asabar ce, Desma da kwamitinta za su yanke. Ni ba ni da ta cewa."

"Ke kuwa kike da ta cewa. Ina so mu fita tare."

"Jika ɗaya aka ce."

"Sai ki riƙe hula, ni in tsaya a gefenki. Ba wanda zai kore ni."

Na ajiye allura.

"Raelene, kin tuna ranar da aka binne Baba Athol, a gidan cin abinci bayan an dawo daga maƙabarta? Na ce na gano kakarmu fursuna ce. Me kika ce?"

Ta kawar da kai.

"Ni in tuna miki. Kika ajiye cokali kika ce, 'Mu dai ba ɓarayi a danginmu, Glenys, ki nemi wani abin yi.' A gaban mutum talatin. Uwarki ta yi wata shida ba ta gaishe ni ba."

"Na faɗa. Haka aka tarbiyyantar da mu, ke ma kin sani. A gidanmu ko kalmar ba a furtawa."

"Yanzu da abin ya zama ado, kowa na neman fursuna a danginsa kamar sarauta, sai ga ki da sarƙa."

"Na yi kuskure."

"Kuskure? Bari in nuna miki kuskure."

Na tashi na ɗauko takardar zuri'ar da ta kai wa kwamiti. Desma ce ta ba ni kwafi, kada ku tambaye ni yadda aka yi. Na shimfiɗa ta kusa da kek.

"Nan kin ce a Cork aka haife ta. A Clare ne. Nan kin aurar da ita tana shekara tara. Nan kuma kin ba ta ɗa a Amerika, shekara biyu bayan an binne ta a bayan cocinmu. Daga intanet kika kwaso, ko kunya babu. Honora Tierney uku kika haɗa kika dama."

"Na sani. Ban iya ba."

"To me kike nema a katanga?"

"Ni ban iya ba, ke kin iya. Shi ya sa na karanta ɗan littafinki sau uku."

Wannan ya ɗan sanyaya ni, ba zan ɓoye ba. Kwafi ɗari biyu na buga da kaina, har yanzu saba'in na ƙarƙashin gado.

"Sau uku?"

"Sau uku. Amma shafi na arba'in kin tsananta."

"Na Rudge?"

"Shi."

Tsofaffin masu bibiya sun san Matthias Rudge. Mai gonar tumakin da aka tura Honora aiki gidansa a 1852. Sau uku yana kai ƙarar ta wai ta yi masa rashin kunya. Aka aske mata kai, aka kulle ta a ɗakin duhu kwana goma sha huɗu, burodi da ruwa. Daga baya ya tsallaka teku haƙar zinariya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Ban tsananta ba," na ce. "Abin da na rubuta zan maimaita. Duk wanda jinin Matthias Rudge ke gudana a jikinsa, ya sunkuyar da kai in ya zo wucewa ta katangar nan."

"Jikokinsa me suka yi?"

"Oho. Su je su tambayi kakansu."

Raelene ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da ambulan.

"Na so in bi ta hanya mai sauƙi, kin ƙi."

Ta zaro takarda ɗaya ta ajiye a kan hular.

Ban buƙaci tabarau ba. Kwafin shafi ne daga rajistar mamatan gidan yari, watan Fabrairu 1852, layi na shida daga sama. Patrick Tierney, wata bakwai, gudawa. Sunan uwa, Honora Tierney, da sunan jirginta.

"Wannan ai tsohon zance ne," na ce. "Ke ba ki san aikin nan ba. Mutanen wancan zamani in yaro ya mutu, na bayansa ake maida wa sunan. Gida ɗaya sai ki ga John uku. Patrick na fari ya mutu, ta haifi wani ta sa masa Patrick. Shi ne namu."

"Ina takardar haihuwar na biyun?"

"Ba kowace takarda ce ta tsira ba."

"Kin neme ta?"

"Na neme ta."

"Shekara nawa?"

A lokacin ne idona ya sauka a gefen takardar. Akwai rubutun fensir, ƙanana, a karkace: *kuskuren magatakarda?* Akwai kuma zoben ƙasan kofin shayi a kusurwa.

Rubutuna ne. Kofina ne.

Jama'a, ga abin da ya hana ni rubutu kwana uku. Shafi ashirin da biyu na yi muku, ban taɓa ambaton takardar nan ba. Shekara tara da suka wuce na gan ta a Hobart, na yi kwafi, na dawo gida na sa ta a ƙasan akwatin ɗinkina, ƙarƙashin tsummoki. Ban sa ta a littafi ba, ban kai wa kwamiti ba. Na bi cocin Katolika da na Anglika, na bi rajistar marayu, ina neman Patrick na biyu. Babu shi.

"Wa ya ba ki wannan?"

Raelene ta kalli taga. Ta taga ana hango ɗakin tarkace.

Ban san lokacin da na isa ƙofar baya ba.

"Colin!"

Injin da bai taɓa tayarwa ba ya fasa gyaruwa. Ya taho yana goge hannu a wando, yana tafiya kamar wanda aka kira ofishin hedimasta.

"Kai ka shiga akwatin ɗinkina?"

"Glen, tsaya ki ji."

"Ka ɗauki takardata ka kai wa wannan?"

"Ita ta zo ta same ni."

Na juya. "Wurin mijina kika je?"

"A bakin shagon kayan gona na tare shi," in ji Raelene. "Mako uku ke nan. Na ce na ga wani abu, ban san yadda zan faɗa miki ba."

"Mako uku! Mako uku kuna ƙus-ƙus a bayana, ni ina nan ina soke yatsuna da allura. A mota kuka zauna? Tata ko taka?"

"Haba, Glenys," in ji Col. "Shekarata sittin da shida, gwiwa ɗaya ta ƙarfe ce."

"Ba gwiwarka na tambaya ba."

"A tsaye muka yi magana, kusa da buhunan abincin kaji. Kowa na gani."

"Ai gara da kowa ya gani. Lallai ma!"

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Col ba mai magana ba ne, in ya yi jimla uku a jere to ranar ta musamman ce.

"Shekara tara ina ganin ki," ya ce. "In kin ɗauka na fita, sai ki fito da takardar nan ki zuba mata ido, ki mayar. Ranar kuma ba mai cin abinci da daɗi a gidan nan. Da ta ce min ta ga wasiƙa, na ce to ashe amsar ta zo. Na gaji da ganin ki haka, shi ke nan."

"Wace wasiƙa?"

Raelene ta sake sa hannu a ambulan. Wannan karon a hankali ta zaro, cikin leda. Takarda ce ta yi ruwan ƙasa, an ninke ta huɗu, tawadar ta koɗe.

"A ƙasan gwangwanin take, ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa. Sai da na zo jefar da shi na gani. Bridget ce ta rubuta wa 'yarta a 1898."

Wato har wasiƙa. Kwabo bai ishe ta ba, har da wasiƙa. Ni da zan ba da motata a kan layi ɗaya na rubutun mutanen nan, ita ta kusa zuba shi a shara.

"Ba na iya karanta duka," ta ce. "Rubutun ya fi ƙarfina. Abin da na gane ya isa ya hana ni sukuni. Ke ce gwana, ki karanta."

Na so in ce ba zan karanta ba. Hannuna bai saurare ni ba. Na sa tabarau, na zauna, na karanta a fili, domin haka na saba.

"Jiya muka binne Pat. Tunda ya tafi, zan faɗa miki abin da Mama ta hana a faɗa yana raye. Ba ita ta haife shi ba. Nata Pat ɗin ya mutu a gidan yari yana wata bakwai. Da sauran nono a ƙirjinta aka kai ta gidan Rudge, domin matarsa ta mutu wurin haihuwa ta bar jariri. Shekara biyu tana shayar da shi, uban yana kai ƙarar ta. Da ya tashi tafiya haƙar zinariya, ya bar yaron a ƙofar ɗakin wanki da riga ɗaya. Mama ta ɗauke shi, ta sa masa sunan nata."

Na tsaya.

"Akwai saura," in ji Raelene.

"Na gani."

"Karanta."

"Ta fi son sa a kaina, duk garin nan an sani. In nama ɗaya ne a tukunya, nasa ne. Da za ta mutu sunansa ta kira. Ni da ta haifa kwabo kawai ta bar min, shi ta bar masa sunanta. Na daɗe ina jin zafin wannan, Allah Ya yafe min."

Na ajiye wasiƙar. Na cire tabarau, na goge, na mayar.

Wato ni, Glenys, da na tsaya a zauren gari na kira Matthias Rudge azzalumi har aka tafa min, haɓarsa ce a fuskata. Kakan kakana ɗansa ne. Shekara goma sha huɗu ina kuka a kan matar da kakana ya sa aka aske.

"Kin ji dai," in ji Raelene a hankali. "Naku ta fi so."

"Kada ki lallashe ni."

"Ba lallashi ba ne, a rubuce yake."

"Fom ɗin kwamiti bai tambayi wa ta fi so ba. Jini ya tambaya."

"Ba wanda ya ga wasiƙar nan sai mu uku."

"To?"

"To ta koma gwangwani. Ki fita da hularki ranar Asabar. Ke kika san ta, Glen. Ni ko garinsu ban sani ba, ke kika faɗa."

Da ta yi min dariya, da na san abin yi. Da ta ce za ta kai wa Desma, da na ci kwalarta mun yi ta ta ƙare. Amma ta zauna a kujerata, da kwabon kakata a wuya, da jinin kakata a jiki, tana yi min kirki. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar na lokacin ba. Tun muna aji uku haka take. Ita ce mai dogon gashi, ita ce mai murya a ƙungiyar waƙa, ita aka kai Melbourne. Abu ɗaya na samu wanda yake nawa ni kaɗai, na haƙo shi da farcena daga cikin ƙura, ashe shi ma nata ne.

"Sadaka za ki ba ni?"

"Ba sadaka ba ce."

"Ragowarki dai. Kullum ragowarki." Ban kalli Col ba, amma ya ji, na ga kafaɗarsa ta sauka. Wannan kalmar har yanzu ban nemi gafararta ba.

"Ki ce abin da kike so," in ji Raelene. Idonta ya kawo ruwa. "Ni na dawo garin nan ba uwa, ba miji, 'ya'yana sai a waya. Na buɗe gwangwani na ga ina da wani. Na karanta littafinki na ga ina da ke. Shi ke nan abin da nake nema a katanga, tunda kin tambaya."

"Ɗauki kek ɗinki."

"Glen."

"Ki ɗauka, ki ɗauki wasiƙarki, ki..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

"Ina masu gida? Na ga motar Raelene, na ce to na huta da zuwa gida biyu!"

Desma Quilty ce, shugabar kwamiti. Shekara talatin tana koyarwa a firamare, rabin garin nan ita ta koya musu karatu, sauran rabin kuma tsoron ta suke ji. Ita ce ke kwafe tsofaffin rajistoci wa ƙungiya, ba rubutun da ke gagarar ta. Ba ta jira ba ita ma, sai ga ta a kicin da jakar takardu.

Na yi wuf na tura kwafin rajistar ƙarƙashin hular. Wasiƙar kuwa tana can gefen farantin kek, hannuna bai kai ba.

"Colin, ka cire hula a cikin gida, madalla, ka fara girma. Kai, wannan kek! Na Raelene ne, daga gani." Ta zauna. "Me ya sami fuskokinku? Wani ya mutu?"

"Albasa," in ji Col.

"Da ƙarfe uku?" Ta buɗe jaka. "Glenys, albishirinki."

Ban ce goro ba.

"Ke za ki fita da hular Honora."

"Kwamiti ya zauna?"

"Bai ma buƙaci zama ba. Raelene ta bugo min tun ƙarfe tara na safe ta janye. Ba ta faɗa miki ba? Ta ce wai ita 'yar kallo ce, ke ce mai aikin. Ka ji 'yan uwan kirki, ba irin na gidan Hennessy ba da suka kusa dambe a kan tasu kakar."

Tun ƙarfe tara. Tun kafin ta fasa ƙwan kek ɗin ta riga ta ba ni. Na kalli Raelene, ta sunkuyar da kai tana wasa da sarƙa.

Desma ta shimfiɗa fom a gabana, ta ɗora biro a kai.

"Sa hannu nan ƙasa, inda aka ce na tabbatar ni jininta ce kuma ban ɓoye wata takarda ba. Ka'ida ce kawai, wa zai tambaye ki ke? Sannan akwai roƙo. In kin rataya hular, muna so ki karanta shafi na arba'in a lasifika, da bakinki. Wurin nan na sunkuyar da kai. Duk lokacin da na karanta sai tsigar jikina ta tashi."

Col ya yi tari. Raelene ta rufe ido.

Na kalli hular. Harafi biyar da rabi, koren zare na lilo, allura a soke. Wata huɗu ina ɗinkin ta. Na san inda zan tsaya a katangar, na san rigar da zan sa, har na gwada yadda zan ɗaga ta sama in an kira sunan.

Na ɗauki biron.

Ku zage ni in kuna so, Beverley ke ma. Na ɗora shi a kan layi, na rubuta Glenys.

"Af," in ji Desma. "Wannan tsohuwar takarda fa? Tawadar nan ta wuce shekara ɗari. Raelene, daga gwangwanin nan naki mai albarka?"

Raelene ta miƙa hannu. Ni ma na miƙa.

Na Desma ya riga namu.

Ta gyara tabarau, ta karkata ledar wajen hasken taga. Biro na hannuna, saura in rubuta Tierney.

"Kai, rubutu mai kyau," ta ce. "Bari mu ji. Jiya muka binne Pat..."